Ba-na-nan: Abin da Siffar Hedifon Ke Faɗa a Madadin Mai Shi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai, wanda ya ba ɗan Adam kunne biyu, sannan ya ajiye masa ido biyu a gabansu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban ƙungiyarmu ta masu haɗa kayan sauti da masu sayar da su, tare da 'yan kwamitinsa, iyayen ƙungiya, waɗanda suka shiga wannan sana'a tun rediyo yana da girman akwatin kaya, malaman da suka taso daga makarantun koyon zane da ƙere-ƙere, manyan dillalai, masu shaguna, masu tebur a bakin titi, waɗanda daga cikinsu na fito, ba na kuma jin kunyar faɗa, ma'aikatan kamfanina, da na hango can baya sun jeru kamar masu jiran hukunci, 'yan jarida, 'yan'uwana maza da mata, manya da ƙanana: amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ina godiya ga kwamitin da ya ga ya dace a miƙo mini wannan lasifika. Ina godiya ga waɗanda suka rufe shagunansu da tsakar rana suka zo, domin na san abin da rufe shago yake yi wa zuciyar ɗan kasuwa. Ina godiya har ga waɗanda suka zo don su ga ko zan iya tsayar da magana a gaban malamai. Ku gyara zama, za ku gani. Ni dai karatuna a sakandare ya tsaya, kuma ko ita ba da lambar yabo na fito ba. Da faranti ɗaya na 'yan ƙananan iyafis, masu shiga ramin kunne, na fara a bakin tasha, rana ta dake ni, ruwa ya dake ni, masu shago suka kore ni daga inuwarsu. Yau ga shi hedifon yana fita daga masana'antata da tambarina a jikinsa, kuma ba wanda ya ɗora ni sai Allah. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da zan faɗa muku ba a littafi na karanto shi ba, a tafin hannuna na karanto shi.

An ce in yi magana a kan muhimmancin fasali da kamanni a hedifon, wato siffarsa, da launinsa, da yadda yake zama a kan mutum. Kafin in shiga, akwai magana guda da gara ku ji ta daga bakina, tunda na san tana yawo a kasuwa, an yi mata hannu da ƙafa. Gaskiya ne mai ɗakina ba ta gida. Watanni ke nan tana wajen 'yarmu Auta, wadda ta haihu. Jaririn da aka je gani har ya fara rarrafe, kakarsa ba ta dawo ba. Ba faɗa muka yi ba, ba yaji ta yi ba, ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Ta tafi ne ta zauna, kuma har wannan lokaci da nake tsaye a gabanku ban san ranar dawowarta ba. Wani zai ce me ya haɗa wannan da taron kayan sauti. Ku yi haƙuri da ni, za ku ga abin da ya haɗa su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Magana ta farko: ido ke saye, kunne daga baya yake zuwa ya ba da shaida.

Duk mai shago a nan ya san wannan, ko da bai taɓa faɗa da baki ba. Mai saye ya shigo, hedifon yana cikin kwali, kwali yana cikin leda. Me ya ji? Bai ji komai ba. Ya ɗauka, ya juya, ya auna a hannu, ya shafa da ɗan yatsa. Idan ka buɗe masa, ka lura da abin da zai fara yi. Ba zai ce a kunna masa ba. Zai ɗora a kai, sannan ya fara waige-waige yana neman abin da zai ga kansa a ciki, ko gilashin kanta, ko baƙar fuskar wayarsa. Tun ina bakin tasha na lura da haka. Ina da kaya iri biyu, cikinsu ɗaya, sautinsu ɗaya, daga kwali ɗaya na ciro su, bambancinsu launi kawai. Ɗaya ya ƙare kafin rana ta take, ɗaya kuwa na yi ta yawo da shi har ledarsa ta koɗe. Shi ya sa ranar da Allah ya ba ni shagona na farko, madubi na fara saye kafin kujera. Maƙwabtana suka yi ta dariya, wai ko aski zan fara. Na bar su da dariyarsu, na tsaya da ƙafafuna, madubi yana yi mini ciniki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ku masu haɗawa, ku sani duk wahalar da kuka sha a kan sauti tana cikin duhu ne, a rufe, ba wanda zai kai gare ta sai ya bi ta ƙofar ido. In ƙofar ba ta yi kyau ba, ba mai shiga ya ga ɗakin.

Magana ta biyu: hedifon ba kayan aljihu ba ne, kayan fuska ne.

Waya tana shiga aljihu. Sifika tana zama a lungu. Caja ko mummuna ce, bayan gado take kwana. Amma hedifon inda hula take zama nan yake zama, inda ɗankwali yake zama nan yake zama, kusa da ido, kusa da baki, a wurin da mutum ya fi kishi a duk jikinsa. Wanda ya sa shi ya sauya fuska. To, me ya sa muke zana shi kamar wanda za a rataya wa tukunya? Na ga hedifon da ke ture hular dattijo ta koma ƙeya, ya mayar da shi abin dariyar yara. Na ga wanda ke rushe wa mace ɗaurin da ta ɓata lokaci a gaban madubi tana gyarawa. Na ga wanda ke danne ƙafar tabarau har ta yi wa mutum shaida a gefen kai. Na ga launin da ke haska baƙin mutum ya dusashe fari, na ga wanda ke yin akasin haka. Wanda ya zana irin waɗannan, kai ɗaya ya sani a duniya, nasa. Ina kira ga malaman zane da ke nan, da dukkan girmamawa: ku fitar da ɗalibanku daga aji, ku tsayar da su a bakin titi su kalli kawuna. Akwai mai faɗi, akwai mai tsini, akwai mai gashi, akwai wanda gashi ya yi wa sallama. Duk 'yan Adam ne, duk kuma masu saye ne.

Magana ta uku: akwai kyan ranar farko, akwai kyan bayan an sha wahala tare.

Fenti mai ƙyalli yana jan ido a kan kantar shago, amma ku jira gumi ya taɓa shi. Soson kunne mai arha yana da laushi ran saye, amma ku jira ya fara ɓarewa yana zuba wa mutum baƙin gari a wuyan farar riga, a tsakiyar jama'a. Wannan kyan ɗan maciji ne, kuma wanda macijin ya sara sau ɗaya ba zai ƙara kallon tambarinka ba. Ni ina da hanyata ta gane wannan, kuma yau zan ba ku ita kyauta. A kamfanina ba samfurin da ke fita sai na sa shi da kaina, daga safe har yamma, kwana da kwanaki. Muna kiran wannan sawar gwaji. Sharaɗinta ɗaya ne: ba a kunna komai a ciki. Shiru ake sa shi. Dalili kuwa, sauti mayaudari ne. In abu mai daɗi yana shiga kunnenka, za ka manta da nauyi, ka manta da zafi, ka manta da inda yake matse ka. Amma in shiru ne, kai zai faɗa maka gaskiya. Sannan kana tafe kana kallon idon mutane: wa ya kalla ya sake kallo, wa ya kalla ya kau da kai, wa ya kalla ya danne dariya. Da wannan hanya na gina sunana. Ba injin da ya kai ta, ba kuma na shakkar faɗa a gaban kowane injiniya.

Magana ta huɗu ita ce mai nauyin, ina roƙon ku ba ni kunnuwanku: siffar hedifon tana magana da mutane a madadin wanda ya sa shi, ko ya aike ta ko bai aike ta ba.

Kun san babban baƙin hedifon ɗina. Da yawanku kun sayar da shi, wasunku da shi kuka sake rufin shago. Lokacin da za mu yi shi, na zauna da Mai-zubi, dattijon da ke sassaƙa mana mazubin roba tun kamfani yana ɗaki ɗaya. Na ce masa ina son abu mai kwarjini. Marfin kunnen ya yi faɗi, ya rufe kunne gaba ɗaya har ya ci gefen kumatu. Maɗaurin kan ya yi kauri. Launi baƙi wuluk, ba sheƙi, ba ado, ba ko ɗigon ja. Ina so duk wanda ya sa shi a gan shi a san ba sa'an wasa ba ne. Da samfurin farko ya fito, Mai-zubi ya juya shi a hannu, ya ce, "Maigida, wannan ai ƙofar kurkuku muka ƙera, sai dai mai kunne biyu ce." Na ce masa ya ci gaba da aikinsa, ni na san kasuwa.

Kuma na san ta ɗin. Ɗalibai suka saya, ma'aikatan ofis suka saya, matafiya suka saya. Sunan da na raɗa masa ba wanda ya riƙe, kasuwa ta ba shi nata: Ba-na-nan. Wani ya ce mini ya saye shi ne don kada na kusa da shi a mota ya ja shi da surutu. Wata ta ce tun da ta fara sa shi, ba mai tsayar da ita a hanya. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce lallai na zana abin da ke magana ba da baki ba.

Sawar gwajinsa ta ƙare, amma ni ban cire ba. Kowane sabon zubi yana buƙatar gwaji, wannan gaskiya ne. Sannan ina son sa, wannan ma gaskiya ne. Mutum ya ƙera abu da hannunsa, ya ga duniya ta karɓa, don me ba zai ɗora shi a kansa ba? Na sa shi a ofis, na sa shi a mota, na sa shi a falo. Kuma kamar kullum, ba komai a cikinsa. Shiru. Ba ɓoyewa na yi ba. Na faɗa wa ma'aikatana, na faɗa wa iyalina, ba sau ɗaya ba, cewa ina jin su sarai, duk mai magana ya yi. Sai su ce to. Amma baki sau ɗaya yake faɗa, siffa kuwa kullum tana faɗa. Gani ya kori ji.

Ku ji yadda rayuwar mai Ba-na-nan take, daga wanda ya fi kowa daɗewa a cikinsa. A wurin aiki sai ma'aikata su tsaya, ɗaya a damana ɗaya a haguna, suna hira ta saman kaina kamar kabad aka ajiye a tsakaninsu. Ina jin labarin, ina jin barkwancin, wani lokaci har murmushi ya kufce mini. Sai in ji ɗaya ya ce wa ɗaya, da alama Maigida ya samu waƙa mai daɗi yau. Mai kawo shayi ya ajiye kofi a bakin tebur ya fita da sanɗa. In kuwa na kai hannu na cire, sai ɗakin ya mutu. Kowa ya miƙe, kowa ya gyara riga, domin sun saba ba na cirewa sai zan ba da umarni ko zan yi faɗa. In na sa, ba a magana da ni. In na cire, ba a magana gaba ɗaya. A titi, mutanen da muka ci kwakwa tare a bakin tasha sai su ɗaga hannu daga nesa su wuce, su ce kada su katse ni. Maƙwabcina da kan tare ni a ƙofar gida da dogon labari ya koma gyaɗa kai kawai. Ba wanda ya ƙi ni. Girmama ni suke yi. Ban taɓa sanin girmamawa tana da sanyi haka ba.

A gida kuwa, yara duk sun tashi, kowa ya kama gabansa. Saura ni da mai ɗakina, kujera biyu a falo, da talabijin da aka rage wa murya. Mace ce mai labari. A da, kafin in cire takalmi ta fara: wa ya zo, wa ya yi waya, famfon kicin ya sake ɗiga, shukar da ta dasa a baranda ta yi toho. Sannu a hankali sai na ga tana buɗe baki, ta kalli kaina, ta haɗiye. Daga nan ta koma taɓa kafaɗata ta nuna mini abinci da hannu, kamar yadda ake yi wa kurma. Wata rana da yamma tana zaune kusa da ni, kusan gwiwarmu na taɓa juna, ƙanwarta ta kira ta, da alama ta tambaye ta ina nake. Na ji da kunnena ta ce, "Ga shi nan zaune, lafiyarsa ƙalau. Ni dai na gaji da yi wa baƙin abu magana."

Na ji, ban motsa ba. Na ce a raina in magana ce da ni, ta juyo ta faɗa mini. Ni ina jira ta yi magana, ita tana jira ta ga kunne. Haka muka zauna, kowa da nasa jiran, har Auta ta haihu, aka samu dalilin tafiya.

Kada wani ya ɗauka tuba na zo yi a nan. Aiki na yi, kuma aikin ne ya gina gidan, shi ya sayi kujerun biyu. Abin da nake nuna muku shi ne ƙarfin siffa. Na zana abu ya ce wa duniya a bar ni, duniya kuwa ta yi biyayya, har da wadda ban yi nufi da ita ba. Bayan tafiyarta nakan dawo daga aiki, in zauna a kujerata, ɗayar tana kallona. Rannan na lura Ba-na-nan yana kaina a gidan da ba kowa. Na cire, na saurara. Na mayar, na saurara. Duk ɗaya. Firiji ne kawai ke gunaguni a kicin, famfo yana ba shi amsa. 'Yan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Magana ta biyar, wadda ban taɓa ji wani malami ya koyar ba: ku zana hedifon da zai yi kyau idan an cire shi.

Da na rasa abokin hira, sai na zauna da abin da na iya. Na tambayi kaina, me ya sa mai Ba-na-nan ba ya son cire shi? Na gwada. In ka sauke shi wuya, sai ya shaƙe ka kamar karkiyar shanu, ba ka iya juya haɓa. In ka ajiye shi a tebur, sai ya baje kamar kaguwar da aka kifar, ya cinye rabin wurin. Ba ya naɗewa, ba ya shiga jaka. Wuri ɗaya kawai muka yi masa a duniya, kan mutum, don haka a kai yake zama. Duk hankalinmu ya tafi ga yadda za a sa, ba wanda ya yi tunanin yadda za a cire. Mun gina ɗaki mun manta ƙofar fita.

Na koma wajen Mai-zubi, muka fara sabo. Maɗauri siriri. Marfi ƙarami, wanda ke barin saman kunne da ƙasansa a waje, mai zuwa ya ga akwai kunne a wurin, akwai mutum a bayansa. Launi mai haske, ruwan ƙasa-ƙasa, irin wanda ba ya tsorata kowa. In ka sauke shi wuya ya kwanta lamo kamar sarƙa, in ka ajiye shi ya naɗe ya zauna da ladabi. Na nuna wa wasu dillalai, suna nan zaune ina ganin su, suka ce ba shi da kwarjini. Na yarda, ba shi da shi. Na ci kwarjini na ƙoshi, na san ɗanɗanonsa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wannan karon fuska na zana.

Sawar gwajinsa a gidan Auta na yi ta. Na ce wa kaina aiki ne ya kai ni. Auta ta buɗe ƙofa, ta kalli kaina, ta yi dariya ta tambaye ni ina babban yayan, wato Ba-na-nan, ya tafi. Na shiga na tarar da uwarta zaune a kan darduma, jikan yana kan ƙafafunta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ashe kunnuwan suna nan. Na ɗauka sun bi zubi." Daga nan ta fara. Ta ba ni labarin haƙorin yaro, da yadda yake ƙin barci sai a bayanta. Ta tambaye ni famfo, na ce yana nan yana aikinsa. Ta tambaye ni shukarta, na ce ina ba ta ruwa, ta ce ƙarya nake, ta san ni. Na zauna har inuwa ta tashi daga wannan bango ta koma wancan, ban ce a rage ba. Ku malamai, ga hujja in kuna neman hujja: mutum ɗaya, mace ɗaya, shiru ɗaya a cikin hedifon, siffa kawai aka sauya, bakin da ya rufe ya buɗe.

Da ta rako ni bakin ƙofa, na gyara murya na tambaye ta yaushe za a koma gida. Ta kai hannu ta taɓa sabon, ta ce, "Wannan ya fi wancan kyau, ba ƙarya. Amma Malam, ni ba hedifon na aura ba. Ranar da ka wuni kanka ba komai, daga fitowar rana har faɗuwarta, ka zo, sai mu gani."

Sai mu gani. Ba ta ce za ta biyo ni ba. Na daɗe ina juya maganar nan. Ni da nake kafa wa dillalai sharaɗi, yau ni ake kafa wa? Kuma a nan ne na ga iyakar sana'armu, ina kuma so matasan cikinmu su gan ta tun da wuri. Siffa tana iya buɗe ƙofa, amma ba ta iya shiga ɗaki ta zauna a madadinka.

Na ga wasunku tun da na hau nan suna kallon kaina, suna taɓa na kusa da su. E, idonku bai yi ƙarya ba. Yau ce ranar. Na zaɓe ta da gangan, domin a gaban wannan jama'a ba yadda za a ce na yi maguɗi, dukkanku shaidu ne. Tun da rana ta fito kaina yake haka. Iska tana taɓa kunnuwana kamar na fito ba riga. Sau da yawa hannuna ya tafi neman abin da ba ya nan. Na shiga masana'anta da safe, kowa ya miƙe tsaye yana jiran faɗa. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ya iyali, sai ya fara rantsuwa cewa ba shi ya fasa mazubi ba. Mai-zubi ne kaɗai ya leƙo, ya ce, "Maigida, sata aka yi maka?" Ban da shi, ba wanda ya ja ni da hira tukuna. Ban yi mamaki ba. Shirun da aka daɗe ana ginawa ba ya rushewa a wuni ɗaya.

Saboda haka, ya ku masu zane, ya ku masu zubi, ya ku masu saye da sayarwa: duk lokacin da kuka ɗauki hedifon, ku tambaye shi me zai ce wa mai saye, ku kuma tambaye shi me zai ce wa matar mai saye, da maƙwabcinsa, da tsohon abokinsa da ke tahowa daga ɗaya gefen titi. Su ba su biya ba, amma su ne za su zauna da shi.

Mai girma shugaba, na san an shirya liyafa bayan taro, an kuma ajiye mini kujera a kusa da kai. Ina neman alfarma a ɗauke mini. Ta tagar can ina ganin rana ta karkata, gidan Auta kuma da ɗan nisa, ga cunkoson yamma. Ina so faɗuwarta ta same ni a bakin ƙofar. Ban san ko an ɗaure jaka ba. In na tarar an ɗaure, na gode wa Allah. In ban tarar ba, gobe ma rana za ta fito, kuma haka za ta samu kaina.

Allah ya albarkaci wannan ƙungiya, ya haɗa kan shugabanninta. Allah ya buɗa wa mai shago, ya ɗaga mai tebur, ya ba mai faranti haƙurin rana. Allah ya sa abin da hannuwanmu ke ƙerawa ya zama ado ga mutane, kada ya zama katanga a tsakaninsu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kuma sa ya tarar da mai ce masa sannu da zuwa.

Na gode.